Littafin aikin Corolla ta 2010: abin da aka cire, abin da aka gyara, abin da aka bari

4 ga Fabrairu

Aikin shi ne a sayi ƙaramar mota ta hannu, a gyara abin da ya wajaba, a sayar ba tare da an ɓoye wa mai saye komai ba, sannan a rubuta duk abin da aka kashe don a ga kuɗin da ya dawo da wanda ya nutse. Ba za a yi lissafin da kuɗin wata ƙasa ba. Farashin mota irinta mai tsafta, wadda ba a canza mata komai ba, shi ne 100, kuma duk sauran alƙaluma a kan wannan ma'auni suke. Iyakar da aka sa: saye kada ya wuce 74, gyara kada ya wuce 14. Ragowar ita za ta ɗauki la'adar dillali da takardu, da riba idan akwai.

An tsaya a kan Toyota Corolla ta 2009 zuwa 2013 mai injin 1.8, wato 2ZR-FE, da giyar otomatik mai hawa huɗu. Ba kyau ne ya sa aka zaɓe ta ba, don a gaskiya ba ta da wani fasali da zai sa mutum ya waiga. Masu nemanta ne suke da yawa, kayan gyaranta ba su da wuyar samu, injin sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, giyar kuma tsohuwar ƙira ce da kowane bakanike ya san cikinta.

Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 ta fi ta girma da daɗin zama, amma injinta 2AZ-FE ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda ringin fistin, dasbod ɗinta kuma yana narkewa ya yi danƙo a wurare masu zafi. Masu saye sun san wannan, suna rage kuɗi a kansa ko da motar da ke gabansu lafiyarta ƙalau. Corolla XRS ta 2009 da 2010 ma wannan injin gare ta, don haka ita ma an fitar da ita daga lissafi.

9 ga Fabrairu

An fara duba motoci. Kafin a buɗe bonet, lambar shasi ake karantawa: haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin takardar da ke ginshiƙin ƙofa. Dole su zo ɗaya. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, harafi na goma shi ne shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013. Farkon lambar kuma yana faɗin inda aka haɗa ta: 2T1 Kanada, 1NX Kalifoniya, JTD Japan.

Wata da aka kawo a matsayin ta 2012, harafinta na goma 9 ne. A 2011 Toyota ta sabunta fuskar wannan ƙirar, ta canza bamba da raga da fitilun gaba da na baya, kuma duk waɗannan ana iya ɗaura su a kan ta 2009. Aikin ya yi kyau, sai dai mai ita yana neman kuɗin 2012 a kan motar 2009. Ko da ya sauko, matsalar tana nan: duk wanda zai saya daga baya, da ya ga an canza gaba gaba ɗaya, tambayarsa ta farko ita ce ko ta yi karo ne. Babu takardar da za ta kawar masa da wannan shakka. An bar ta.

Wata fara, mai lambar fenti 040, rufinta ya fara ɓarewa har faraima ta fito. Wannan sanannen ciwo ne a wannan farin fenti, kuma da shi kaɗai ne da an yi ciniki. Amma da aka ja bel ɗin kujera har ƙarshe sai ga layin datti a jikinsa, dogon ƙarfen da kujera ke gudu a kai ya yi tsatsa, ƙarƙashin kafet kuma akwai busasshen taɓo mai laushi. Ruwa ya taɓa shanye ta. Irin wannan ba ta da farashi mai araha, domin wayoyi da soket suna ci gaba da ruɓewa a hankali bayan komai ya bushe.

Wadda ta ja hankali ita ce mai ruwan azurfa, lambar fenti 1F7, ta 2010. An yi mata ado har ya yi yawa: rim inci 18, an dusar da ita ƙasa, salansa mai ƙara, fiffike a kan but, fitilu masu shuɗin haske, baƙar leda a gilasai, babbar sifika a but. Ta daɗe a kasuwa ba a taya ba.

11 ga Fabrairu

Cikakken bincike a kan mai ruwan azurfar. An nemi a same ta da sanyin inji, ba a tayar ba tun dare, domin ƙarar sarƙa da hayaƙin farko suna ɓuya idan inji ya ɗumama. Ta tashi bugu ɗaya, babu shuɗin hayaƙi, babu ƙara.

Na'urar auna kaurin fenti ta nuna tsakanin maikiron 100 da 140 a rufi da ƙofofi huɗu da fenda ta dama, wato fentin kamfani ne. Fenda ta hagu ta ba da kusan 300: an sake mata fenti, amma babu fila a ƙarƙashi, don da akwai da alƙalamin ya ninka haka. Notukan da ke riƙe da ita suna da tabon sifana. An leƙa ƙarfen shasi da ke bayanta, babu lanƙwasa, babu walda, man da kamfani ke shafawa a mahaɗar ƙarfe yana nan yadda yake. Ƙaramin gugar gefe ne, ba karo ba.

Matsin silinda huɗu ya zo kusa da juna, bambancin babba da ƙarami bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. Man giya ja ne mai duhu, ba ya warin ƙuna. A gefen famfon ruwa akwai busasshen abu mai ruwan hoda, alamar yana tsatsafowa, abin da aka saba gani a wannan inji. Agogon tafiya ya nuna mil 128,000, kusan kilomita 206,000, kuma cinyewar robar feda da sitiyari da gefen kujerar direba sun yi daidai da haka.

Fitilar inji ba ta kunne, amma sikana, na'urar karanta kwamfutar mota, ta nuna gwajin katalis, wato abin da ke tace hayaƙi a bututun salansa, da na sansar iskar hayaƙi ba su kammala ba. Ma'anarsa an goge lambobin matsala kwanan nan, ko an cire batir. Wannan kaɗai ya isa a ɗauka akwai abin da zai dawo, aka kuma sa shi cikin ciniki.

Mai motar ya lissafa abin da ya kashe a rim da sifika da salansa, yana so a ɗora a kan farashi. Lissafin da aka yi masa akasin haka ne: kowane ɗaya daga cikinsu kuɗi ne da za a kashe a cire, a kuma nemo na asali a mayar. An tashi a 71. Takardu sun cika, sunan da ke jiki shi ne na mai sayarwa.

15 ga Fabrairu

Ƙafa aka fara da ita, don nan ɓarnar ta fi yawa.

Tayar da ke kai 225/40R18 ce. Ta asali 195/65R15 ce ko 205/55R16, gwargwadon samfuri. Tsayin tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, milimita 637 da 632, shi ya sa agogon gudu bai ruɗe ba. Bambancin yana gefen taya: na inci 18 milimita 90 ne, na inci 16 kusan 113, na inci 15 kusan 127. Wannan gefen shi ne ke shanye dukan rami kafin ya kai ga rim da shoka. Biyu daga cikin rim ɗin sun lanƙwashe ta ciki, inda ido ba ya gani sai an ɗora a injin balansi. Ramin tsakiyarsu kuma ya fi na motar faɗi, ita milimita 54.1 take buƙata, kuma ba a sa zoben cike giɓi ba. Wannan ne musabbabin rawar sitiyari da ake ji idan an haura kilomita 90.

Dusar da motar ba da sifirin na musamman aka yi ba, na asalin aka yanke. Sifirin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, shoka kuma tana aiki a ƙarshen tafiyarta kullum. Shokar gaba duka biyu sun zubar da mai, robar tsayawa ta farfashe, tayoyin gaba sun cinye ta ciki har waya ta kusa fitowa alhali waje yana da sauran ƙwari.

An sa shoka biyu sababbi a gaba da sifirin huɗu na asali na hannu. Ba a canza shoka ɗaya a bar ɗaya. Na baya sun ci gwaji, an bar su. An samo rim inci 16 na Toyota guda huɗu masu rami biyar, ma'auni 5x100, da sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya. An duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikin kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, don taya tana tsufa a shago ko ba ta taɓa ƙasa ba. An ɗaure noti a 103 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Alaimen na gaba ya zauna daidai. Bayan wannan mota ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin biyu, ba shi da wurin saiti, don haka da ya fita daga ma'auni da sai dai a canza shi. Bai fita ba.

Rim da taya sun ci 4.5, shoka da sifirin da alaimen 3. An sayar da rim ɗin inci 18 a 2. Duk wanda ke tunanin sa wa motarsa manyan rim ya ajiye na asalin a ɗaki, ranar sayarwa zai neme su.

18 ga Fabrairu

Wayarin. Da aka kashe mota aka rufe ƙofofi aka jira kwamfutoci suka yi barci, mita ta nuna tana jan miliamfa 280. Lafiyayyar mota ba ta wuce 50. Amfilifayar sifika ce aka haɗa kai tsaye da batir, wayar da ke kunna ta kuma aka ɗaure ta a layin da ba ya mutuwa. Babbar wayar ta ratsa bangon inji ta wani rami da aka huda ba roba, kuma babu fis kusa da batir. Gogayya kaɗan ta rage ta haɗu da bodi. An zare ta duka, an toshe ramin, jan wuta ya sauko 25.

Fitilun gaba ƙwan HID ne, mai shuɗin hasken nan, aka cusa a gidan da aka ƙera don halojin, wato ƙwan asali mai zare. Madubin ciki an lissafa shi ne a kan inda zaren ƙwan halojin yake, don haka wani ƙwai daban yana watsa haske sama, ya kashe wa na gaba ido, hanya kuma ba ta haskaka yadda ya kamata. An mayar da halojin. Inda aka yanke wayoyin asali an yi musu dalma an rufe da robar zafi, ba salatif ba.

Gilashin fitilun ya yi rawaya. An goge da samfefa da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 800 sannan 1500 sannan 3000, aka fesa fentin ƙyalli mai kare hasken rana. In ba a fesa ba, 'yan watanni kaɗan zai koma yadda yake, ya ma fi. Duka aikin yau 1 ne, kuma cikin abubuwan da ido ke gani babu wanda ya canza fuskar motar da kuɗi kaɗan kamar fitilun nan.

22 ga Fabrairu

Fitilar inji ta kama, kamar yadda aka zata. Lambobi biyu: P0171, wato iska ta fi mai yawa, da P0420, wato katalis ba ya aiki yadda kwamfuta ke so.

Ta farkon ba ta ba da wuya ba. An cire akwatin iska na asali an sa buɗaɗɗiyar filta mai shan mai, man kuma ya bi iska ya lulluɓe siririyar wayar na'urar auna iska. Na'urar sai ta riƙa faɗin iska ƙasa da abin da ke shiga, kwamfuta ta yi ta ƙara mai tana cike giɓi har ta kai iyaka. An wanke ta da maganin da aka yi don ita, ba a taɓa wayar da hannu ko buroshi ba, aka mayar da akwatin asali na hannu da sabuwar filta ta takarda. Ƙarin man ya sauko zuwa kashi uku. Irin wannan filta a wannan inji ƙara kawai take ƙarawa, ga shi tana shaƙar iskar ɗakin inji mai zafi.

An canza famfon ruwa da fanbel, an zuba ruwan lagireto mai ruwan hoda na Toyota, kusan lita biyar da rabi, aka fitar da iska da hita a kunne. Filogi huɗu na iridiyam, ɗauri 20 Nm a sanyin inji. Baƙin mai 5W-20, lita 4.2 da filta. Man giya an sauke abin da ke cikin kasko ne kawai, aka auna, aka mayar da daidai shi na WS, man giyar Toyota. Ba a sa na'ura a wanke cikin giyar da ta yi wannan tafiya. Birkin gaba yana da saura milimita shida, na baya ganga ce kuma takalmanta da sauransu, man birki kaɗai aka canza. Jimla 2.5.

P0420 an bar ta tukuna, sai an gyara salansa a ga abin da zai faru.

1 ga Maris

An cire fiffiken but. Ramuka huɗu a ƙarƙashi, biyu sun yi tsatsa, ruwa kuma ya daɗe yana bi ta nan yana taruwa a ramin safaya. An yi sa'a ƙasan bai huje ba.

Mai fenti ya kawo shawarar a fesa motar gaba ɗaya ta fito kamar sabuwa. An ƙi, kuma wannan ce shawara mafi nauyi a aikin. Fentin gaba ɗaya zai ci kusan 8. Mai saye da ya san mota, da ya ɗora na'ura ya ga kowane ɓangare ya ba da 250 ko 300, ba shi da hanyar sanin wanne aka fesa don ƙyalli, wanne aka fesa don rufe karo, sai ya ɗauki mafi muni ya rage kuɗi. Fentin kamfani mai 'yan tabon tsakuwa a bonet shaida ce da ba a sayen ta da kuɗi. Ana kashe takwas ne a goge shaidar da ke ɗaga farashi.

Canza launi ya fi wannan muni. Lambar fenti tana rubuce a ginshiƙin ƙofa, cikin ɗakin inji da ƙarƙashin kafet kuma tsohon launin yana nan. A ƙaramar motar iyali, fari da azurfa da toka da baƙi su ne masu yawan masu nema. Launi mai ɗaukar ido yana iya samun wanda zai so shi sosai, amma kafin a gamu da wannan mutum motar ta daɗe a tsaye.

Abin da za a yi: walda a ramuka huɗun, fenti a murfin but kaɗai, da bambar gaba da ta goge ta ƙasa saboda dusarwar da aka yi. Sauran jiki folish kawai. Ƙaramin lotsawa a ƙofar baya ta dama za a turo shi ta ciki ba tare da fenti ba, tunda fentin wurin bai tsage ba.

6 ga Maris

Murfin but ya fito ya fi fendojin baya duhu, kuma a rana ana ganin gizo-gizo a jikinsa. Lambar fentin daidai ce. Azurfa tana da ƙananan ɓarɓashin alminiyam a ciki, yadda suka kwanta shi ke ba da haske. Idan aka fesa da kauri ko daga kusa, fentin ya daɗe bai bushe ba, ɓarɓashin su nutse su tsaya a karkace, launi ya yi duhu. Idan aka fesa a bushe daga nesa, ya yi haske fiye da kima. Ga kuma fentin motar da ya sha rana shekaru.

An goge an sake. Wannan karon an fara gwadawa a kan faranti, aka kanga shi a jikin fenda a hasken rana har aka sami wanda ya dace, aka ƙare da siririn feshi daga ɗan nesa don ɓarɓashin su kwanta bai ɗaya. An so a shigar da fentin cikin fendojin don ido ya kasa gane mahaɗa, amma hakan zai taɓa ɓangarori biyu masu fentin kamfani. An gwammace ɗan bambancin da sai an ƙura ido. An ɗauki hoton ramukan kafin walda da bayanta, za a nuna wa mai saye. Aikin bodi 3, mai fenti ya ɗauki nauyin sakewa.

10 ga Maris

Ciki. Da aka cire rigunan kujeru sai ga yadin asali lafiya lau, babu yagewa. Wanki kawai ya sha. Rigar kujera a motar sayarwa tana sa a yi zaton akwai abin da ake rufewa.

Baƙar ledar gilashi ta yi kumfa ta koma ruwan shuni. An ɗaye ta da tururi. A gilashin baya ba a sa reza ba, don siraran layukan da ke narkar da raɓa a jikinsa suke, reza tana yanke su. Filtar esi ta toshe da ganye, an canza, sanyi ya dawo ba tare da an ƙara gas ba. An cire rediyon allo da aka sa wanda ba ya zama daidai a raminsa, an mayar da na asali. Wannan ne kaɗai wurin da aka yi jayayya a kai, domin masu saye da yawa suna son allo da kyamarar baya, kuma da mai kyau ne da aka haɗa ba tare da yanke waya ba da an bar shi. Kuɗi 1.

An bincika lambar shasi a kan kiraye-kirayen gyara na kamfani. Wannan ƙirar tana cikin waɗanda aka kira a 2010 kan fedar totur, tana kuma cikin na jakar iskar kamfanin Takata ta ɓangaren fasinja. Na farkon an yi, na biyun ba a yi ba. An nemi a saka ta a layi.

14 ga Maris

Salansa. Wanda ya sa mai ƙarar ya kwance bututun tun daga gaba, da ya mayar bai canza zoben gasket na mahaɗa ba. Da aka toshe bakin salansa da tsumma inji na aiki, sai ga huci yana fita daga mahaɗar, da baƙin toka a gefenta. Iskar waje da ke shiga ta irin wannan wuri tana ruɗa sansa, kwamfuta ta ɗora wa katalis laifi. An sa sabon zobe da sababbin notuka masu sifirin, an mayar da tukunyar salansa irin ta asali. Kuɗi 1.5.

An goge lambar, aka yi tafiya mai haɗa cikin gari da babbar hanya har gwaje-gwajen kwamfuta suka kammala duka. P0420 ba ta dawo ba zuwa yanzu. Sansar da ke bayan katalis tana tsaye kusan wuri ɗaya a tafiyar da ba a canza totur, alamar katalis yana da sauran rai. Akwai masu sa wa sansar ƙaramin bututu don ta ja baya daga hayaƙi fitila ta mutu. Ba za a yi ba. Idan lambar ta dawo, ko a canza katalis, wanda zai ci wajen 5, ko a faɗa wa mai saye a rage masa.

19 ga Maris

Lissafi: saye 71, gyara 14.5 bayan an cire kuɗin rim ɗin da aka sayar. Jimla 85.5. Gyara ya haura iyaka da rabi, saye ya yi ƙasa da iyaka da uku.

Idan aka rarrabe 14.5 ɗin nan, abin da tsufa da tafiya suka jawo, wato famfon ruwa, filogi, mai, filta, wankin ciki da gilashin fitila, bai kai 4 ba. Sauran duka kuɗin warware ado ne. Tsohon mai motar ya biya ya sa, ya sake biya ta hanyar ragin da aka yi masa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

An sa farashi 102, ƙasan da ba za a sauka ba 95. An duba irinta da ke kasuwa, amma abin da ake nema ba shi ne abin da ake biya ba, kuma wadda ta daɗe a talla tana nuna farashin da aka ƙi ne. An ɗauki hotuna da safe a inuwa: kusurwa huɗu, ɗakin inji ba tare da an shafa masa mai ƙyalli ba, agogon tafiya inji na aiki don a ga babu fitilar gargaɗi, takardar ginshiƙin ƙofa, lambar shekarar taya. A cikin tallar an rubuta cewa an fesa fenda ta hagu da murfin but da bambar gaba. An haɗa rasit na kayan gyara a fayil ɗaya, an ajiye tsohon famfon ruwa da shokar da aka cire a kwali.

25 ga Maris

Tayi ya fara shigowa. Masu saye don su sake sayarwa suna tsayawa a 86 zuwa 88, kuma ba laifinsu ba ne, su ma ribarsu suke nema a tsakani. Masu saye don hawa sun fi kusa. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: ta taɓa karo, an taɓa buɗe inji, giya tana fizga, esi yana sanyi, taya sabuwa ce. Babu wanda ya tambayi rim ko sifika. Mutum ɗaya ya so a ce tana da allo.

Wani ya zo da bakanikensa, aka ba su wuri suka ɗaga ta, suka sa sikana, suka auna fenti. Abin da suka samu shi ne abin da ke rubuce a talla, sai ƙari ɗaya: robar sandar daidaita ƙafa ta gaba ta fara tsagewa. Gaskiya ne, za a canza, ba ta kai 0.3 ba. Ya taya 93, an ce masa 97. Ya ce zai yi shawara.

Jira ma yana da kuɗinsa. Inshora da wurin ajiya suna tafiya, batir yana sauka, kuɗin da ke kwance a motar ba ya juyawa, masu bibiyar talla kuma suna lura da wadda ta daɗe su fara zargin akwai dalili. An yanke cewa idan aka shiga mako na biyu na Afrilu ba a sallama ba, za a sauke farashin talla zuwa 98 a mataki ɗaya, maimakon a riƙa gutsura kaɗan-kaɗan, wanda ke koya wa masu saye su ƙara jira.

29 ga Maris

An canza robar sandar, ɓangare biyu. An sake sa sikana bayan tafiyar kilomita 400 da gyaran salansa: babu lamba, babu mai jiran fitowa. Ruwan lagireto yana kan layinsa, baƙin mai bai ragu ba.

An ba da ranar canza jakar iska, 8 ga Afrilu. Mai tayin 93 ya kira ya ƙara zuwa 95, da sharaɗin a yi wannan aikin kafin ya biya kuma la'ada ta zama a kan mai sayarwa. Da la'ada da takardu, kusan 3, ribar da za ta rage kusan 6 ce. Akwai wani da zai zo duba ta ranar 2 ga Afrilu, ba a ba da amsa ba sai an ji nasa tayin.